Assetto Corsa yana sarƙewa a tsohuwar laftof ɗina, akwai dabara ko in haƙura?

Sabon_Direba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Ina da wata tsohuwar laftof, Core i5-3320M ce, ba ta da katin hoto na daban sai Intel HD 4000 ɗin da ke cikin firosesa, RAM 4GB, faifan ajiyarta irin mai juyawan nan ne ba SSD ba, Windows 10 mai 64-bit, sikirin 1366x768. Na sa Assetto Corsa saboda bidiyoyin da nake gani a YouTube sun hana ni sakat, to in ni kaɗai ne a kan titi yana ɗan tafiya ko da yake da jan ƙafa, amma da zarar na zuba motocin da kwamfuta ke tuƙawa don a yi tsere sai hoto ya dinga tsinkewa, in taka birki sai bayan na wuce kwanar sannan in ga abin da ya faru, wani lokacin ma wani rubutu yake fitowa a sama wai CPU occupancy ya wuce 99%. Kuma in na ɗan jima ina yi sai fanka ta kama ihu, gefen kibod ya ɗau zafi, abin ya ƙara dagulewa.

Na kuma sa Content Manager da Custom Shaders Patch saboda an ce min kowa da su yake yi.

Abin da nake so in sani, in na ƙara RAM zai gyaru? Ko SSD ya kamata in fara sa wa? Sannan na samu sitiyarin G27 na hannu, shi ma yana ƙara wa kwamfuta nauyi ne? In kuma wannan wasan ya fi ƙarfinta gaba ɗaya ku faɗa min gaskiya, ku nuna min wani wanda tuƙinsa na gaske ne, ba irin wanda za ka shiga kwana da gudu 200 ba birki kuma mota ta bi ka lafiya lau ba. Dan Allah kar wanda ya ce min in sayi sabuwa, da da hali ai da ban zo nan ba.

Mai_Sitiyari:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Matsala biyu ce ta haɗe maka kake ganinta kamar ɗaya, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Ta farko zanen hoto, wannan aikin HD 4000 ne. Ta biyu lissafin mota, wato yadda taya ke riƙe ƙasa, nauyi yana komawa gaba in ka taka birki, sifirin yana lanƙwasa, duk wannan firosesa ce ke yi kuma ba ruwansa da kyan hoto. Assetto Corsa yana maimaita wannan lissafin sau 333 a kowane daƙiƙa, kuma motocin kwamfutar ma da irin lissafin da ake yi wa taka ake tuƙa su, shi ya sa kowace mota ka ƙara to ka ƙara wa firosesa cikakken aiki, taka kuwa kwakwalwa biyu gare ta kacal. Rubutun 99% ɗin nan da kake gani daga nan yake zuwa, ko ka mayar da hoto ya koma kamar na wasan yara ba zai tafi ba sai ka rage motoci. Ka fara da huɗu ko biyar ka gani. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne in da mutane kake tsere a intanet firosesa ta fi samun sauƙi, don motocin sauran kwamfutocinsu ne ke lissafa su, kai sai dai a aiko maka inda suke.

Kafin ka taɓa komai ka yi gwaji ɗaya. Ka shiga titi kai kaɗai ka buɗe Render Stats a cikin wasan ka ga fps nawa kake samu, wato hoto nawa ake zanawa a daƙiƙa, sai ka fita ka sauke sikirin zuwa 1024x768 ko ƙasa da haka ka koma wuri ɗaya da mota ɗaya. In lambar ta yi tsalle sama to katin hoto ne ya gaza, in ta tsaya inda take to firosesa ce. Ni dai na tabbata a taka kai kaɗai katin hoto ne, da motoci kuma duka biyun.

Sai setin. Custom Shaders Patch ka kashe shi gaba ɗaya tukuna, an yi shi ne don ƙara haske da inuwa da dare da sauran kwalliya, akwai ƴan abubuwan rage nauyi a cikinsa amma ba a kan HD 4000 za ka fara koyon su ba. Content Manager kam ka bar shi, shi ƙofar shiga ne kawai kuma ya fi sauƙin canza setin. A ɓangaren hoto abin da ya fi cin ƙarfi shi ne ƙyallin jikin mota, don kafin a nuna maka bishiya tana wucewa a kan bonet sai an sake zana duniyar ta fuska shida, to ka mayar da shi Static. Madubi ma haka, sake zana titin ake yi ta baya, ka sa shi a mafi ƙanƙanta ko ka kashe in kai kaɗai ne. Inuwa ƙasa, hayaƙin taya kashe, post processing kashe, anti-aliasing kashe, World detail ƙasa. Sikirin ka sa 1280x720, ɗigo 921,600 ke nan a maimakon 1,049,088 na 1366x768, ba wani babban bambanci ba ne amma a inda kake komai ƙanƙantarsa riba ce.

Maganar RAM kuwa eh, amma ba don dalilin da kake zato kawai ba. HD 4000 ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗinka yake yanka, kuma gudun RAM ɗin shi ne gudunsa. In 4GB ɗin nan sanda ɗaya ce to hanya ɗaya take bi, DDR3-1600 a hanya ɗaya 12.8GB take ɗauka a daƙiƙa, in ka sa ta biyu irinta sak a ɗaya ramin sai su koma hanya biyu, 25.6GB. Ba wai fps zai ninka ba, amma za ka ga bambanci da idonka, ga kuma 8GB da zai hana Windows komawa faifai duk lokacin da wuri ya cika, wanda shi ne ke kawo wannan tsayawar ta ɗan lokaci da kake ji kamar an riƙe motar. Ka sa CPU-Z, ɗan shirin da ke nuna kayan cikin kwamfuta, ka duba shafin Memory zai nuna maka Single ko Dual. SSD kuma lodin titi zai yi sauri, kwamfutar gaba ɗaya ta wartsake, amma ba ya ƙara fps. RAM tukuna.

G27 ba ya ƙara nauyin da za ka ji, ka cire wannan a ranka.

Tsohon_Hannu:

Duk abin da Malam Mai_Sitiyari ya faɗa haka yake, amma ni zan faɗa maka wadda ba ka so ji ba ƙanena. Bayan ka kashe madubi ka kashe inuwa ka rage motoci zuwa huɗu, me ya rage na tseren? Tsere ba madubi fa? Wasan nan na 2014 ne, kamfanin Kunos na Italiya ya yi shi a kan DirectX 11, firosesarka ta 2012 ce kuma ta ofis, za ta buɗe shi amma buɗewa daban jin daɗi daban.

Ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu shi ne suna ganin duk wasan da ya tsufa tuƙinsa ma ya tsufa. Hoto ne ya tsufa. Ka nemi GTR 2 na SimBin, 2006 ya fito, gasar FIA GT ta 2003 da 2004 ce a ciki, akwai ruwan sama, akwai rana ta faɗi dare ya yi kana cikin tsere, abubuwan da shi Assetto Corsa na asali ma ba shi da su sai da ƙarin kayan da mutane suka yi masa. Akwai makarantar tuƙi a cikinsa da za ta koya maka inda ake taka birki da yadda ake bin layin kwana, wadda kai da ka samu sitiyari yanzu ita kake buƙata fiye da komai. Na Steam dai an cire Ferrari da Porsche saboda lasisi, ka san da wannan tun kafin ka sa. Sai rFactor na farko, 2005, shi wannan teku ne, mutane sun yi masa motoci da tituna ba iyaka, kuma a ɗan shirin setinsa kana iya zaɓar DirectX 7 ko 8 ko 9, in 9 ya yi nauyi ka sauko 8. Race 07 ma gidansu ɗaya da GTR 2, in kana son ƙananan motocin gasar WTCC masu gogayya ƙofa da ƙofa. GT Legends kuma tsofaffin motocin shekarun 1960 da 1970 ne, marasa riƙon ƙasa, wallahi in ka iya Mini a cikinsa sai ka manta da wani hoto.

Abin da ya sa waɗannan za su ba ka motoci da yawa a kan titi ba wai hoto kawai ba ne, su motocin kwamfutar da sauƙaƙan lissafi ake tuƙa su, taka ce kawai ake yi wa cikakke. Kuma akwai setin adadin motocin da ake zanawa a lokaci ɗaya, kana iya yin tsere da ashirin amma ka ce goma mafi kusa da kai kawai za a nuna, sauran suna nan suna gudu ba ka dai ganinsu sai sun matso.

In rali kake so Richard Burns Rally na 2004 har yau ba a daina yinsa ba, mutanen RallySimFans sun raya shi, sai dai ka tsaya a hanyoyin asali don wasu sababbin da aka ƙara suna da nauyi. Sannan Live for Speed, mutum uku ne suka fara shi tun 2002, gwajinsa kyauta ne da titin Blackwood da mota uku, XF GTI da XR GT da Formula BMW, har ka shiga intanet ka kara da mutane. Ka fara da shi yau ma tunda ba abin da za ka rasa.

rFactor 2 da Assetto Corsa Competizione kuwa ko kallonsu kar ka yi, na biyun a kan Unreal Engine 4 yake, masu katin hoto na gaske ma suna kuka da shi.

Totur_Ƙasa:

Hhhh Baba Tsohon_Hannu ya zo da kayan tarihi, saura ka ce ya sa Grand Prix Legends na 1998. Ni dai ban yarda ya bar Assetto ba, yawancin mutanen da zai samu a intanet can suke, wa zai yi tsere da shi a GTR 2 in ba kwamfuta ba? Shawarata ya lallaɓa da laftof ɗin a haka, in hali ya samu nan gaba ba sai sabuwa ba, tsohuwar kwamfutar tebur ta ofis mai i5 kwakwalwa huɗu ya soka mata GTX 750 Ti ko GTX 1050 Ti, yawancinsu daga ramin PCIe suke shan wuta ba sa neman wata waya daban, in akwatin siriri ne ya nemi gajeren kati. GT 1030 ma tana yi amma a kula iri biyu ce, akwai mai GDDR5 akwai mai DDR4, suna ɗaya kwali kusan ɗaya amma mai DDR4 ɗin ta yi ƙasa sosai.

Tsohon_Hannu:

Ai da na faɗe shi, mantawa na yi. Gasar Formula 1 ta 1967, a kan 36 fps aka gina shi, kuma in ka gama zagaye ɗaya a tsohon Nürburgring ba ka juya ba ka zo in sara maka. Kai ma ka karanta tambayar da kyau, cewa ya yi kar a ce ya saya.

Sabon_Direba:

Na gode ƙwarai manyana, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin, da na sauke sikirin lambar ta hau sosai, to katin hoto ne kamar yadda aka ce. Na kashe abubuwan nan duka, yanzu ni kaɗai yana yawo a wajen talatin, wani wuri ya haura wani wuri ya faɗo musamman inda akwai bishiyoyi da wurin zaman ƴan kallo. CPU-Z ya nuna Single, kuma na duba akwai rami ɗaya ba komai. Live for Speed kam ya tafi sumul, har na ji sitiyarin yana min magana a hannu. GTR 2 ne ya ƙi buɗewa, yana cewa wai babu wani fayil d3dx9 ɗin wani abu. Sannan har yanzu zafin nan yana nan, farko lafiya daga baya sai ya fara ja. Kuma talatin ɗin ta isa ne ko dole sai sittin?

Baƙin_Taya:

Fayil ɗin d3dx9 ba matsala ba ce, Windows 10 ba ya zuwa da duk tsofaffin fayilolin DirectX 9, ka je shafin Microsoft ka sauke DirectX End-User Runtimes na Yunin 2010 ka sa, ba ya taɓa DirectX ɗinka na yanzu, ƙari kawai yake yi. Dan Allah kar ka je irin shafukan nan da ke ba da dll ɗaya ɗaya, nan ake kwaso cuta. Kuma tunda waɗannan wasannin 32-bit ne ba sa iya amfani da fiye da 2GB na RAM, in ka fara zuba musu manyan tituna da motoci sai su dinga rufewa da kansu ana cikin lodi, maganinsa ɗan shirin nan da ake kira 4GB Patch, ka ajiye kwafin fayil ɗin wasan na asali tukuna sannan ka yi masa.

Zafi kuwa ni a ganina shi ya kamata ka fara da shi kafin RAM ma. Firosesarka da HD 4000 a guntu ɗaya suke, watt 35 suke rabawa, bututun jan zafi ɗaya, fanka ɗaya. In zafi ya kusa iyakarsa, wanda a wannan 105 ne a ma'aunin Celsius, sai ta rage gudun kanta don kar ta ƙone, wannan shi ne farko lafiya daga baya ja ɗin da kake faɗa. Ka sa HWMonitor a buɗe ka yi wasa ka fito ka duba mafi girman zafin da ya kai. Laftof mai waɗannan shekarun in ba a taɓa buɗe ta ba za ka tarar ƙura ta yi kirtani tsakanin fanka da ƙarfen fitar da iska kamar auduga, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya zama gari. A share a sa sabon mai, in ba ka saba buɗewa ba ka kai wa mai gyara, igiyoyin kibod ɗin nan ba su da wuyar tsinkewa. Kar ka ɗora ta a kan katifa, ka ɗaga bayanta kaɗan iska ta samu hanya, caja a jiki kullum in za ka yi wasa don a batir rage ƙarfi take yi. Wata dabara kuma, a setin wuta na Windows ka sa iyakar firosesa 99% maimakon 100%, a yawancin irin waɗannan hakan yana hana ta hawa daga 2.6GHz zuwa 3.3GHz, ka rasa ɗan gudu amma zafi ya sauka kuma katin hoton ya samu rabonsa na wuta. Ka gwada da shi da babu shi, a Assetto mai motoci da yawa zai iya cutar da kai, a GTR 2 ba za ka ji ba.

Chrome ka rufe shi kafin ka shiga, da 4GB ba wasa.

Mai_Sitiyari:

Kan talatin da sittin, yi lissafin da kanka. Gudun kilomita 200 a awa mita 55 da ɗoriya ne a daƙiƙa, a 30 fps tsakanin hoto da hoto motarka ta ci kusan mita biyu, a 60 ƙasa da mita ɗaya. A miƙaƙƙen titi ba komai, amma wurin taka birki da lokacin da bayan mota ya fara zamewa nan za ka ji shi, kafin ido ya gani hannu ya gyara an makara. Duk da haka talatin da ta tsaya cak ta fi arba'in da biyar mai hawa da sauka, don hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya canzawa, wanda ba ya sabuwa shi ne yanzu sauri anjima ja. To a Assetto ka sa iyakar fps a ɗan ƙasa da abin da kake samu a wuri mafi nauyi na titin, ba a wuri mafi sauƙi ba. V-sync ka kashe, yana ƙara jinkiri tsakanin hannunka da sikirin, kuma in ka kasa kai sittin yana iya jefa ka talatin kai tsaye.

Ni a wurinka duka biyun zan riƙe, ba sai an yi faɗan Baba da Totur ba. Assetto don zagaye kai kaɗai da shiga intanet a ɗakunan da ba su cika mutane ba kuma titunan asali, GTR 2 don cikakken tsere da madubi a kunne.

Sitiyarin kuma G HUB, sabon shirin Logitech, ba ya ganin G27, tsohon Logitech Gaming Software 5.10 za ka sa. A Assetto ka bar shi a digiri 900 wasan zai daidaita wa kowace mota da kansa, amma GTR 2 da rFactor ba sa yin haka, sai ka rage juyin a shirin Logitech ɗin zuwa wajen 540 sannan ka daidaita iyakar juyin taya a setin motar har ka ji ya zauna maka. In ka shiga rFactor ka ji sitiyari yana fizgar ka zuwa gefe maimakon ya dawo tsakiya to ƙarfin a juye yake, ka mayar da lambar ƙarfin ta koma mai alamar ragi. In za ka nemo RAM ɗin ka cire wadda ke ciki ka karanta takardar jikinta, ka samo mai girma ɗaya da gudu ɗaya, ka kuma duba PC3 aka rubuta ko PC3L.